Wuƙar Rabo

Uwale ba ta ko sauke ƙwaryar da ke kanta ba ta fara ba da labarin. Daga kasuwar Kornaka take, rairayi ya yi wa ƙafafunta fari fat, gumi na bin wuyanta, amma ba ruwa ta nema ba, kunnuwa ta nema. Matan gidan suka jingine taɓare suka kewaye ta, har da wadda ta bar miya a kan wuta.

"Yau kam Na'Allah mai gurmi ya iso ga labarin Rabo," in ji ta. "Da kun ga yadda kasuwa ta yi tsit. Mahauta ma sun bar nama ga ƙuda sun taho saurare."

A bayan zana, kusa da inda suke, Ma'u na zaune bisa tabarma da kai a tsefe. Ita ce matar Rabon da ake magana, kuma tana cikin takabarsa. Uwale kuwa matar Abarci ce, wan marigayin, ta san sarai wadda ke bayan zanan, amma ba ta rage murya ba. Ba mugunta ce ta sa ta ba, daɗin labari ne ya sha kanta.

"Ya ce da sassahe Rabo ya sa takalmi, maɗaurin ya tsinke. Ya gyara, ya sake tsinkewa. Sai Na'Allah ya danne gurmi da tahin hannu, ya dube mu ɗaya ɗaya, ya ce, 'Da kai ne, ka hita?' Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi."

Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ashe an nuna mashi."

Ma'u ta runtse ido. Ita ta miƙa masa takalman nan da hannunta a safiyar, sababbi ne, ba abin da ya tsinke. Ya sha kunu, ya ja kunnen 'yarsu Halimatu da wasa, ya saɓa gugunan fatar da ya ɗinka zai kai kasuwa, ya fita yana tsaki saboda jakin maƙwabci ya ci masa zana. Amma wa zai bar sana'arsa don ya saurari wannan?

* * *

A wancan zamani, tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba, Dakoro 'yan bukkoki ce a gefen rijiyoyi, manoma da makiyaya na jan ruwa da igiya ɗaya. Mutanen sun san fari, sun san fara, sun san mahara masu zuwa bisa raƙuma su kwashi abin da suka kwasa su yi arewa. Duk waɗannan suna da suna, kuma an san yadda ake ɓuyar musu. Abin da ya zo da ranin shekarar nan shi ne aka rasa sunansa.

Da Harisu mai gishiri aka fara. A gindin wata aduwa aka same shi kan hanyar Ɗan Gulbi, an yanka shi, jakinsa na tsaye da kaya ba a taɓa ko kantu ɗaya ba. Bayansa sai Jafaru makiyayi, awakinsa na kiwo kewaye da gawarsa. Sannan Rabo. Ɓarawo kaya yake ɗauka, mahari mutum yake kamawa, wannan kuwa rai kawai yake cirewa ya tafi abinsa. Mai gari ya tura masu bin sawu, iska ta riga su. Malamai suka yi addu'a, samari suka yi sintiri har suka gaji, aka koma zaman jiran wanda zai bi baya.

A cikin wannan zama ne ƙofa ta buɗe wa Na'Allah. Da can maroƙi ne da ba a gayyata, gurminsa ya fi muryarsa daɗi, gurmin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana bin bukukuwa ana sallamarsa da ƙanzo. Rannan ya zauna a gindin gawon kasuwar Kornaka ya ba da labarin Harisu, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da yake: mutane sun tsaya, kuma sun ƙi tafiya.

Daga nan ya gane kan sana'ar. Ba ya farawa da gawa, wannan aikin marar wayo ne. Da safiyar mamacin yake farawa, abin da ya ci, wanda ya gaisar, karen da ya yi haushi ba dalili. Yakan ja mai sauraro a hankali har bakin daji, ya sa shi jin motsi a bayan sabara, ya sa mamacin ya waiwaya bai ga kowa ba. Ya jefa tambaya ya ƙi amsa ta. In ya ga wuyoyi sun miƙe, an daina taunar goro, sai ya danne gurmi ya ce rana ta yi, a haɗu kasuwa mai zuwa. A zage shi, a roƙe shi, a cika masa jaka da gero, kuma kasuwa mai zuwa a riga shi isa gindin gawo. Inda gaskiya ta ƙare masa, sai ya cike da abin da ya zo bakinsa. Wanda aka yanka ba zai taso ya ƙaryata shi ba, danginsa kuwa kunya ta hana su.

* * *

Kasuwar da ta biyo, Uwale ta dawo da sabon abu.

"Ashe mai yankan nan yana ɗaukar abu guda ga duk wanda ya kashe. Ga Harisu zobe, ga Jafaru laya. Ga Rabo kau wuƙarshi, wadda aka naɗe ma mariƙi da jan ƙarhe. Samba, Bahillacen da ya tsinci gawar, ya rantse kube ya gani wayam a damtsenshi. Na'Allah ya ce wuƙar tana hannun wani yanzu haka, wataƙila ma wanda kuka gaisa da shi yau da sahe."

A bayan zana Ma'u ta dubi cinyarta. Al'adar garin ce mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, ana cewa yana kore mata abin da ido ba ya gani. Tun ranar da aka rufe Rabo take riƙe da wuƙa naɗe a tsumma, da ita take kwana, da ita take kewayawa, ba wanda ya taɓa tambayar irin wuƙar. Ta Rabo ce. A safiyar nan, har ya kai ƙofa, ta ce masa tata ta dakushe kuma tana so ta fafe duma, sai ya zare tasa daga kube ya miƙa mata yana cewa kada ta ɓata masa kaifi. Ya shiga daji hannu sake saboda ƙwarya. Wannan tunani shi ke cin ranta kullum, kuma ba ta taɓa furta shi ga kowa ba.

Da iyakarsa ke nan, da ta haɗiye. Amma da yamma Halimatu ta shigo daga wasa, yarinya ce da haƙoranta na gaba ba su daɗe da faɗuwa ba, ta zauna jikin uwarta ta ƙi cin tuwo.

"Inna, da gaske Baba ya yi rarrahe yana kuka yana roƙo?"

"Wa ya gaya maki haka?"

"Yara. Sun ce mai gurmi ya hwaɗi. Har kwaikwayo suke yi, ni suke sawa in zama Baba."

Ma'u ta rungume ta. Rabo ya tafi, gona ba tata ba ce, ɗakin ma na dangin miji ne. Yarinyar nan kaɗai ta rage mata a duniya, ga shi ana cusa mata ƙarya game da ubanta ana dariya. Sai wata dabara ta faɗo mata, ta kuma ga kamar ba ta da makusa. Ƙarya ɗaya za ta kama a gaban jama'a, sauran su zube da kansu. Ga shaida a hannunta, wa zai yi gardama da abin da ya gani?

* * *

Ranar kasuwa ta lulluɓe da mayafi ta bi ayarin mata, domin a lokacin ba mai bin hanyar shi kaɗai. Wasu suka yi ta satar kallonta, mai takaba a hanyar kasuwa, amma ba wadda ta tanka.

Ta tarar gindin gawo ya cika maƙil. Na'Allah na tsakiya, ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura a gemu, ya sunkuya bisa gurmi yana magana ƙasa ƙasa, yadda dole kowa ya matso. Yana cikin kwatanta yadda jan ƙarfen wuƙar ke ƙyalli a hannun wanda ba a san fuskarsa ba, Ma'u ta kutsa har gabansa.

"Baba Na'Allah, ni ce matar Rabo."

Gurmi ya tsaya. Ya ɗago ya ce, "Allah ya jiƙanshi, ɗiyata. Samu wuri ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka ce mai kisa ya tahi da wuƙarshi." Ta warware tsumman, ta ɗaga hannu sama don na baya su gani. Mayafin ya zame daga kanta. "Ga ta. Ba wanda ya ɗauke ta, shi ya bar mani ita da sahe in hwahe duma. Takalminshi bai tsinke ba. Kuma kai ba ka wurin, ba ka san ko ya yi kuka ba. Ka bar mamaci ya kwanta, yana da ɗiya mai kunne."

Ta tsaya jiran a yi wa Na'Allah dariya, a watse a bar shi da gurminsa. Ba wanda ya yi dariya. Na kusa da ita suka ja da baya, wata mata ta fizgo ɗanta ta ɓoye shi a bayanta. Sai a lokacin Ma'u ta ga abin da suke gani: mace da kai a tsefe, idanu ja, riƙe da wuƙar da aka daɗe ana gaya musu tana hannun mai yankan mutane.

Na'Allah ya daɗe yana kallon wuƙar, sannan ya dubi jama'a. Ma'u ta nemi kunya a fuskarsa ba ta samu ba. Irin kallon da manomi ke yi wa hadarin farko ta gani.

"Jama'a, kun gani da idonku," ya ce a hankali. "Ni ban ce kome ba." Ya rataya gurmi. "Rana ta yi. Mu haɗu kasuwa mai zuwa."

Bayan an watse ta bi shi har bayan rumfunan majema, inda ya tsuguna yana cin dambu.

"Baba, ka san ba ni ce ba."

"Na ce ke ce?"

"To ka hwaɗa masu ba ni ce ba."

Ya lashe yatsa, ya dube ta ba tare da ƙiyayya ba. "Ɗiyata, ban san wanda ya kashe mijinki ba. Mai gari bai sani ba, malamai ba su sani ba. In ban san wanda ya yi ba, ta ina zan san wanda bai yi ba?"

"Amma ka san maganar takalmi ƙarya ce."

"Takalmi bai cuci kowa ba. Mutanen nan tsoro ke cin su, ba su barci. In sun zo gare ni ina yi ma tsoron kai da ƙahwa, su san abin da suke ma tsoro. Ke kina son in ce masu ban san kome ba? Wanga sun san shi tun daga gida, ba shi suka tako rana su ji ba."

"Baba, ina da ɗiya."

"Ni ma ina da masu jirana," in ji shi. Ya tura mata ƙoƙon dambun. Ta juya ta tafi.

* * *

Mai gari ya kira ta. Ta dafa Alƙur'ani ta rantse, ya ce shi bai ga abin kamawa ba, ya karɓi wuƙar ya ajiye, ya sallame ta. Amma a bakin rijiya ba a sallame ta ba. In ta iso, hira ta mutu. In ta ja ruwa, mai bin ta sai ta ɗauraye guga.

Na'Allah bai taɓa kama sunanta ba, ya fi haka wayo. "Wata mace a wani gida" yake cewa, sannan ya jera tambayoyinsa. Wa ya san hanyar da mutum zai bi in ba wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba? Wace mace ce ke karɓe wuƙar miji a ranar da zai ratsa daji? Wannan tambaya ta biyu ita ta fi yi wa Ma'u ciwo, domin ita ma tana yi wa kanta. Sauran aikin kuwa jama'a suka yi masa kyauta. Aka tuna Harisu yakan sha fura a ƙofar gidan, aka tuna Jafaru ya taɓa kawo guga gyara. A garin da kowa ke taka ƙofar kowa, irin wannan shaida ba ta wuyar samu. Uwale ma ta ce ita dama tun farko ranta bai kwanta da tsumman nan ba.

Wata safiya Abarci ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, ya tsaya daga waje yana kallon ƙasa.

"Ma'u, ni ban ce kin yi ba. Amma yarinyar nan jininmu ce, kuma baki ya yi yawa. Za ta koma ɗakin Uwale har ƙura ta lafa. Ke kau akwai bukkar gadin gona bayan gari, na sa an gyara maki."

"Yaya, ka san ni tun ina amarya a gidan nan."

"Na san ki. Amma ni ma a garin nan nike zaune."

Ta durƙusa ta roƙe shi, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ya ce ta yi haƙuri, ya kama hannun Halimatu. Yarinyar ta yi ta waiwaye har suka shige bayan rumbu. Dangin Ma'u na Sabon Maci sun aiko ta koma gida, ta ƙi, domin ba za ta yi nisa da 'yarta ba.

Da ruwan farko ya sauka aka sake yanka wani, Ba'abzine mai raƙumi, can kan hanyar arewa. A ranar Ma'u tana shuka a gonar Abarci tun hantsi har la'asar, a gaban idon rabin gari. Da labarin ya iso mata sai ta ji daɗi ya kama ta, daɗi na gaske, a kan mutuwar bawan Allahn da ba ta sani ba. Ta yi istigfari, amma daɗin bai tafi ba. Ta share bukka, ta shimfiɗa wa Halimatu ƙaramar tabarma kusa da tata.

Ranar kasuwa ta tsaya bakin hanya tana jiran masu dawowa. Ba su kula ta ba, amma suna tafe suna maimaita labarin, ta ji kome. An ce gindin gawo bai taɓa cika irin na yau ba. Na'Allah ya ce wuƙa tana hannun mai gari, ga shi kuma an sake yanka. To, hannu ɗaya ne ko biyu? Wa ke zuwa bukkar bayan gari in ido ya ɗauke? Daga nan ya danne gurmi.

* * *

Takaba ta ƙare. Ma'u ta yi wanka, ta kitse kanta da kanta, domin ba ta samu mai yi mata ba. Ta daka gero ta yi fura mai laushi irin wadda Halimatu ke so, da citta kaɗan, ta samu nono wurin wata Bafillatana mai wucewa wadda ba ta san ta ba. Ta dama a sabon ƙoƙo, ta rufe da faifai, ta nufi gidan da hantsi.

Uwale ta tare ta a ƙofa. Ta amsa gaisuwa, sannan ta ce, "Tsaya nan, in kira maki ita."

Halimatu ta fito. Ta ƙara tsawo, sababbin haƙora sun tsiro mata, an yi mata wani kitso da Ma'u ba ta taɓa yi mata ba. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau, uwata. Matso, hura na kawo maki."

Yarinyar ta matso ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe faifan, ƙanshin citta ya taso, Ma'u ta ga maƙogwaronta ya motsa. Amma ba ta kai baki ba. Ta dubi Uwale, sannan ta taka zuwa inda wata kaza ke tono, ta karkata ƙoƙon ta zuba mata kaɗan a ƙasa. Ba wanda ya ce ta yi. Yadda hannunta ya iya gwajin guba, ba yau ta koya ba.

Kazar ta tsattsaga dunƙulen furar ta haɗiye. Halimatu ta tsuguna da ƙoƙon a cinya tana kallonta, Uwale na kallo daga bakin ƙofa. Sai Ma'u ta samu kanta ita ma ta zuba wa kazar ido, tana roƙon Allah a zuci kada kazar ta ko yi tuntuɓe.